Ranar da Barista Kwana Tara Ya Tankaɗe Dattawan Unguwa

Duk wanda ya ce Ƙofar Kuyambana ba ta haifi babban mutum ba, to bai taɓa ganin Barista Zaharaddeen Garba yana tsallake kwata ba. Mu da muka gani mun shaida. Yakan tsaya tukuna, ya gyara kwat, ya ɗaga jakar fata har ƙirji, sannan ya miƙa ƙafa a hankali, domin ƙafar da ta taka Amurka ba ta tsallake kwata da garaje. Allah Ya yi wa unguwarmu baiwa da shi, kuma shi ne ya fara sanar da mu hakan.

Ofishinsa shago ɗaya ne, tsakanin mai wankin hula da mai cajin waya. Allon sunansa ya fi ƙofar faɗi, har sai da aka ari rabin bangon mai wankin hula kafin haruffan digirinsa su samu wurin zama. Biyu daga cikin haruffan na jami'a ne, sauran na tarukan da ya halarta ne aka ba shi jaka da biro. 'Yan hassada suna cewa bai taɓa cin shari'a ba. Wannan sharri ne tsagwaronsa. Bai taɓa faɗuwa shari'a ba ma, don tun da ya buɗe ofis abin da ake kawo masa shi ne takardar rantsuwar shekarun haihuwa da ta canjin suna. A wannan fanni kuwa babu na biyunsa. Akwai waɗanda suka shiga wurinsa da shekara arba'in da biyar suka fito da talatin da takwas.

Shekara uku da suka wuce wata ƙungiya ta kai shi taron lauyoyi a Amurka. Kwana tara ya yi, har da na cikin jirgi, har da biyun da ya ɓata yana neman akwatinsa. A cikin abin da ya rage, wata safiya aka kai su kotu suka yi kallo daga kujerun baya. Tun da ya dawo bakinsa bai sake buɗewa ba sai da "a can". A can ba a yin haka. A can ko tari mutum zai yi sai ya nemi izini. Unguwa ta raɗa masa suna Barista Kwana Tara, shi kuma ya ɗauka kirari ne, har yakan ɗaga hannu idan an kira.

Abin da ya gani a waccan safiya shi ya hana mu sakat. A can, in ji shi, akwai shari'un da alƙali ba ya yanke wa mutum gaskiya ko rashinta shi kaɗai. Ana kiran mutanen gari, direba da mai shago da malamar makaranta, a zaɓi goma sha biyu su saurari magana su ce wane ne mai gaskiya. Su ake kira juri. Kafin a zaɓe su, lauyoyin ɓangarori biyu suna yi musu tambayoyi ɗaya bayan ɗaya. Wanda aka ga yana da alaƙa da masu shari'ar, ko ya riga ya san maganar, sai lauya ya faɗi dalili a sallame shi, kuma wannan ba ta da iyaka. Akwai wata cirewar kuma wadda lauya ba ya ko faɗin dalili. Ya nuna mutum kawai ya ce ya tashi, sai dai an ƙayyade masa sau nawa zai yi. To, wannan ta biyun ita ce ta tafi da zuciyar Barista. A ce ka nuna ƙato da gemunsa ka ce ya tashi, ya tashi, babu mai tambayar ka don me!

Sai ga shi kotunanmu ba su da juri. Wannan ne baƙin cikin rayuwarsa. Shekara uku yana yawo da ilimin cire mutane a ciki, babu wanda zai cire. A teburin mai shayi yakan bi mutanen benci da ido yana gyaɗa kai, mun kuma san abin da yake yi: sallamar mu yake yi ɗaya-ɗaya a zuci.

Ana nan sai maganar Gwaggo Larai ta taso.

Gwaggo Larai yayar mahaifinsa ce, ta haura saba'in, mijinta ya daɗe da rasuwa. Ɗakinta na ƙasa ne mai rufin azara, a cikinsa aka kawo ta amarya, a cikinsa ta haifi 'ya'yanta, a cikinsa kuma take fatan a yi mata wankan ƙarshe. Alhaji Hamisu, dillalin taki, ya sayi gidan da ke bayanta ya rushe, ya tayar da bene, ya kafa indararo uku duk bakinsu a kan bangon ɗakinta. Damina ɗaya kacal ruwan ya cinye gindin bangon, har mutum yana iya zura hannu zuwa gwiwa. Magina suka duba suka ce bangon nan ba zai ɗauki wata daminar ba. Ga shi an shiga bazara, zafi ya yi zafi, hadari ya fara leƙowa daga gabas.

A cikin birni akwai ƙa'ida tun ta kakanni: ruwan gida yana bin hanyar da ya gada. In ka rushe gida ka sake ginawa, inda tsohon indararo ya kalla nan sabo zai kalla. Alhaji Hamisu ya ce ai tsohon gidan ma ta bayan Gwaggo yake zubar da ruwa. Gwaggo ta ce a'a, lungun gabas yake kallo. Babu takarda, babu hoto, tsohon gida kuma ya zama ƙasa. Amma amsar tana nan daram a kawunan dattawan unguwa. Don haka mai unguwa ya sa ranar Asabar da hantsi, ya kira mutum goma sha biyu daga cikin tsofaffin wuri. Irin wannan zama ba ya wuce shan kofin kunu. Waɗanda suka sani su faɗi abin da suka sani, a yi addu'a, kowa ya kama gabansa. Babu wanda bai san inda maganar za ta ƙare ba.

Ranar Alhamis labari ya kai ofishin da ke tsakanin mai wankin hula da mai cajin waya. Kafin la'asar Barista yana tsakar gidan Gwaggo, ya ƙi zama a tabarma saboda wandonsa.

"Haba Gwaggo! Kina da shari'a, kina da ɗa lauya, kika ɓoye mini?"

"Ba shari'a ba ce, ɗan nan. Dattawa ne za su zauna su faɗi abin da suka sani."

"Dattawa! Wa ya tantance su? Wa ya bincike su? Haka kawai a kwaso mutane a ɗora su a kan haƙƙinki? A can, ko kare aka yi ƙara sai an tace waɗanda za su saurare shi. Ki bar mini komai. Kyauta zan yi miki."

Ta so ta ce ya bari. Amma ɗan ƙaninta ne, a bayanta ya yi barcin yarinta, ta ji nauyin ta gwale shi. Ta ce Allah Ya yi albarka, da muryar wadda ba ta tabbata ba.

Asabar ta zo. An shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gidan mai unguwa, dattawa sun zazzauna ana gaisawa. Gwaggo tana gefe da mayafinta. Alhaji Hamisu ya ajiye motarsa a bakin lungu ya zauna yana jan carbi, fuskarsa ba yabo ba fallasa. Sai ga Barista. Jama'a, a cikin zafin nan da ko ƙadangare ya nemi inuwa, mutumin nan ya zo cikin baƙar rigar lauyoyi har ƙasa, da farar hular nan ta gashin doki a ka. Gumi yana bin kunnuwansa, amma ilimi ba ya jin zafi.

Ya tsaya a tsakiya ya yi gyaran murya sau uku.

"Ranka ya daɗe, iyayena dattawa, yau tarihi ya shigo cikin ganuwa. Shekaru aru-aru muna yanke hukunci da ka, kamar masu cinikin gyaɗa. Daga yau an daina. Zan nuna muku yadda ake yi a can. Kuma ina tunatar da mai girma mai unguwa, cikin ladabi, cewa duk hukuncin da aka yi ba bisa tsari ba, babbar kotu tana iya rushe shi, ta kuma aiko wa wanda ya jagoranci zaman sammaci ya je ya yi bayani."

Mai unguwa mutumin kirki ne, ba ya tsoron maciji, ba ya tsoron mahaukacin sa, amma kalmar sammaci tana firgita shi. Ya ce to Barista, yaya ake yi a can ɗin?

Barista ya zaro takarda mai sharuɗɗa huɗu, shi ya buga ta da kansa. Na ɗaya, mutum biyar kaɗai za su yanke magana. Na biyu, kowane ɓangare yana iya cire wanda ya ga dama in ya kawo dalili, sau uku kuma ba tare da dalili ba. Na uku, duk wanda aka cire ba shi da sauran baki a maganar, ko a yau ko gobe, don kada ya gurɓata tunanin waɗanda aka zaɓa. Na huɗu, abin da biyar ɗin suka yanke ya zauna, babu ɗaukaka ƙara. Aka naɗa Malam Abdulwahab, tsohon hedimasta, ya zama magatakarda, aka ce shi ma rubutu ne nasa ban da magana. Gwaggo ta dangwala yatsa. Alhaji Hamisu ya karanta takardar, ya ɗago ya dubi Barista, ya sake karantawa, sannan ya sa hannu da sauri.

Wanda aka fara kira shi ne Baba Ɗanjuma magini, wanda rabin katangun unguwar nan hannunsa ne.

"Baba, ka san gidan da aka rushe?"

"Ni kuwa na san shi. Da hannuna na kafa masa indararo, shekarar da aka yi fari. Yana kallon..."

"Dakata! Kada ka ƙarasa!"

Barista ya juyo ga jama'a, baki har kunne, kamar wanda ya kama ɓarawo da akuya a kafaɗa. "Kun ji da kunnenku? Ya sani! Mutumin da ya riga ya san magana, ta yaya zai saurare ta da zuciya ɗaya? Ranka ya daɗe, ina roƙon a cire shi."

Baba Ɗanjuma ya dubi mai unguwa, mai unguwa ya dubi ƙasa. Daga gefe Gwaggo ta ce, "Ɗan nan..." Barista ya ɗaga mata hannu ba tare da ya waiwaya ba, alamar ta kwantar da hankalinta, gwani yana aiki. Tsoho ya ja sandarsa ya koma gindin katangar da ke tsallaken hanya ya zauna.

Na biyu liman ne, Malam Abubakar Siddiƙ. Da tambaya huɗu Barista ya tono babban asiri: ashe duk azumi Gwaggo tana aika wa liman kunun tsamiya, shekara talatin ba fashi.

"Shekara talatin, jama'a! Shekara talatin ana shayar da mai yanke hukunci! Allah gafarta Malam, ba na zargin ka, amma kunu kunu ne."

Ku lura, wadda yake tsaya wa ce yake tuhuma da ba da toshiyar baki, a gabanta, a gaban abokin shari'arta. Wannan shi ake kira gaskiya tsirara, kuma ba kowane lauya Allah Ya ba wa ita ba. Liman ya kaɗe buzunsa ya ce Allah Ya shirya, ya bi Baba Ɗanjuma.

Ta uku Hajiya Adama ce, ungozoma, wadda ta shiga kowane gida a unguwar nan ta kuma san inda ruwan kowa yake bi. Ita ba ta ma bari an yi mata tambaya ba. Ta ƙare masa kallo daga hula har takalmi ta ce, "Deeni, kai ne a cikin wannan kaya? Cire abin nan na kanka kada ka suma. Ni fa na yanke maka cibi." Dariya ta ɓarke har tsallaken hanya.

A nan ne ranar da aka yi shekara uku ana jira ta zo. Barista ya miƙe tsaye sosai, ya miƙa yatsa, ya ce, "Na cire ta."

"Me na yi?"

"Doka ta ce ba sai na faɗa ba."

Wayyo daɗi! Da kun ga fuskarsa a lokacin, da kun ce an yi masa albishir da kujerar Makka. Ya lumshe ido ya ɗan jinkirta, don kada daɗin ya wuce da wuri.

Daga nan hannunsa ya faɗa. Ya sanar da mu cewa a can ana karanta mutum tun kafin ya buɗe baki. Kabir tela ya harɗe hannuwa a ƙirji, wannan alama ce ta rufaffiyar zuciya, aka cire shi. Gaskiyar magana rigarsa ce ta yage a hammata yake ɓoyewa, abin kunya ga tela. Nura mahauci ya kalli motar Alhaji Hamisu sau biyu, kwaɗayi ke nan, ya tashi. Wani dattijo ya yi hamma, aka ce ya raina kotu. Sai aka shiga maganar dangantaka, nan kuwa aka samu aiki, don a cikin ganuwa in ka ja zaren aure ɗaya rabin unguwa zai biyo shi. Wannan ƙanwar matarsa tana auren jikan mijin Gwaggo. Wancan sun sha nono ɗaya da wanda ya sayar wa Alhaji gida. Mutum huɗu suka tashi a lokaci guda. Bincike ya kai har kan mai unguwa, aka gano kakarsa da kakar Gwaggo 'yan ɗaki ɗaya ne. Barista ya yi ɗan tunani ko ya cire shi, sai aka raɗa masa cewa tabarmin da inuwar duka nasa ne.

Duk wanda aka kira, mai unguwa yakan juya ya ce, "Alhaji, kai fa? Akwai wanda za ka cire?" Shi kuwa ya ja carbi ya ce, "Ni kowa ya yi mini, ranka ya daɗe." Barista yana jin haka yakan yi murmushin tausayi. Ga abin da rashin lauya yake jawo wa mutum.

Kafin rana ta take tsaka tabarma ta zama wayam. Mutum goma sha biyu, babu ko ɗaya da ya tsallake rariya. Suna can jere a gindin katanga sun zuba ido. Mai unguwa ya ce to Barista, ga shi ka gama da mu kaf, su wa za su yanke maganar?

"A fita bakin ƙofa a samo mutanen da ba su san kowa ba."

Aka fita aka samo. Akwai Malam Yakubu, wani manomi da ya kawo albasa daga ƙauye ya sayar yana jiran mota. Akwai leburori biyu da diga da shebur, tun safe ba su samu aiki ba. Sai mai itace, sai wani mai ga-ruwa da bai cika mako a gari ba. Suka zo suka durƙusa a tsorace, don sun ga baƙar riga sun zaci wani laifi suka yi.

"Kun san tsohuwar nan?"

"A'a."

"Kun san wancan Alhajin?"

"A'a."

"Kun san abin da ake yi a nan?"

"Wallahi ba mu sani ba, ranka ya daɗe."

"Alhamdu lillahi!" Barista ya buɗe hannuwa kamar zai rungume su. "Jama'a, ku dubi adalci da idonku. Kawunan nan wankakku ne tas, kamar sabon allo. A can ma da wuya a samu irinsu."

Aka bayyana musu magana, aka ɗunguma zuwa bayan ɗakin Gwaggo, dattawan da aka cire suna biye a baya. A yi wa mutanen ƙauyen nan adalci, ba su yi wasa da abin da aka ɗora musu ba. Malam Yakubu ya tsuguna ya zura hannu a ramin bangon, ya murza ƙasar a yatsunsa, ya ɗaga kai ya dubi indararo ukun nan, ya girgiza kai.

"Bangon nan ba zai ga kaka ba," in ji shi. "Mu ma a garinmu ƙa'idar ɗaya ce, ruwa yana bin tsohuwar hanyarsa. Maganar ba ta da wuya. Tsohon indararon ina ya kalla?"

Gwaggo ta ce gabas. Alhaji ya ce nan. Malam Yakubu ya ce to, wa ya gani?

Duk kawuna suka juya wuri ɗaya. Baba Ɗanjuma ya matso, ya dogara sanda, ya buɗe baki. A nan ne Alhaji Hamisu ya sa carbinsa a aljihu, karo na farko tun safe.

"Malam Abdulwahab, don Allah a karanta mana sharaɗi na uku."

Hedimasta ya gyara tabarau ya karanta, a hankali, da irin muryar da yake kiran sunayen waɗanda suka faɗi jarrabawa. Duk wanda aka cire ba shi da sauran baki a maganar, ko a yau ko gobe.

"Obijekshin! Ban yarda ba!" in ji Barista.

Mai unguwa ya ce, "Da wa kake? Rubutunka ne."

Aka shiga neman wanda ya san tsohon gidan kuma ba a cire shi ba. Ina! Aikin gwani ba ya barin ɓurɓushi. Duk mai furfurar da ya taɓa ganin indararon nan yana cikin littafin hedimasta, da sunansa da laifinsa.

Sai Gwaggo ta matso kusa da shi. Ba ta ɗaga murya ba, amma kowa ya ji.

"Kai fa, ɗan nan? Kai ai ba a cire ka ba. A ƙarƙashin indararon nan kuke wankan ruwan sama a lungun gabas, tumɓur, ni nake zuwa in kore ku da tsintsiya. Faɗa musu."

Mai unguwa ya yi farat ya kama. "Shi ke nan ma! Barista, in aikinku ya hana lauya ba da shaida, ajiye hular nan da rigar minti biyu. Ka zama Zaharaddeen ɗan Malam Garba, ka faɗi abin da ka gani, ka mai da kayanka. Alhaji, ka yarda?" Alhaji ya duba takarda, ya ga wannan ba ta ciki, ya ce ya yarda.

Barista ya kai hannu ya taɓa hular. Mun gani, duk mun gani. Ya dubi jama'a, ya dubi matasan da suka ɗaga wayoyi suna ɗauka, ya dubi Hajiya Adama da ta riga ta fara murmushi. Sai ya gyara wa hular zama.

"Ranka ya daɗe, martabar wannan aiki ba riga ba ce da ake tuɓewa a lungu. Ban da haka ma, ba na tuna wani wanka. Ni tun ina yaro karatu ne a gabana."

Wallahi a nan dariya ta ƙare mini. Na ji kunya kamar ni na faɗa. Tsohuwar nan ta tsaya tana kallon sa, ba ta zage shi ba, ba ta yi kuka ba, ta dai ja mayafinta ta rufe baki.

Mutum biyar suka koma gefe suka yi shawara, ba su daɗe ba. Malam Yakubu ya dawo yana sosa ƙeya. Ya ce su dai ba su ga tsohon gida ba, ba kuma za su rantse a kan abin da ba su gani ba. Sun tarar da indararo a nan, ba su da hujjar tayar da shi, a bar shi inda yake. Ya juya ga Gwaggo ya ce, "Iya, ki yafe mana, kuma don Allah kada ki kwana a ɗakin nan in hadari ya haɗu." Ya ɗauki buhunansa ya ruga neman mota.

Barista bai bari taro ya watse haka ba. Ya hau kan wani tudun ƙasa ya yi jawabin rufewa. Ya ce yau ba Gwaggo ce ta faɗi ba, ba kuma Alhaji ne ya ci ba, tsari ne ya yi nasara. Ya ce ko a can ba a taɓa tace juri tas irin na yau ba, kuma zai rubuta muƙala a kai. Yana cikin magana mata suka fara wucewa ta gabansa da kayan ɗakin Gwaggo. Gadon ƙarfenta na aure sai da aka kwance shi kafin ya fita, don tun da ya shiga ba a taɓa fitar da shi ba. Aka kai shi ɗan ɗakin da take ajiye gawayi da buhun dusa. Ita da kanta ta ɗauko tabarmar sallarta da buta, ta bi bayansu ba ta waiwayi ɗakin ba.

Da ya sauko, Alhaji Hamisu yana jiran sa a bakin lungu. Ya kama hannunsa da hannu biyu ya girgiza.

"Barista, ban taɓa ganin aiki irin naka ba. Zo ka gani." Ya buɗe bayan mota. Dogayen bututun roba ne sababbi, da gwiwoyinsu da gam. "Jiya na saye su. Na san da Baba Ɗanjuma ya buɗe baki an gama da ni, na ce gara in zo da kayan juya ruwan, a yi addu'a in sa a ɗaura yau. Yanzu sai in mayar wa mai shago."

Barista ya yi gyaran murya. Alhaji ya rufe mota ya matso kusa, ya rage murya.

"Akwai wata maganar fili da nake yi da wani mutum a Ƙofar Gayan. Ta fi wannan girma nesa ba kusa ba, kuma gaskiya dattawan can ba sa bayana. Ina so ka shigo cikinta. Duk abin da ake ba babban lauya zan ba ka."

Nan take kafaɗun Barista suka dawo inda suke. Ya zaro katinsa mai ruwan zinariya ya miƙa da yatsu biyu. "Ka zo inda ya dace, Alhaji. Ka turo mini takardunka ranar Litinin, in fara shirya maka kariya."

Alhaji ya karɓi katin ya sa a aljihu.

"A'a, Barista, ba ni za ka tsaya wa ba. Shi za ka tsaya wa."